Yadda Matashi Mai Jifa Ke Hawa Matakan Besbol Har Ya Kai Babbar Gasa

A wasan besbol, ƙwallo ba ta motsi sai mai jifa ya sake ta. Yana tsaye a kan ɗan tudun ƙasa, mita 18.44 tsakaninsa da mai bugu, ya wurga ƙwallon fata da ba ta kai gram 150 ba. A MLB, babbar gasar Amurka da Kanada, mai ƙungiyoyi 30, jifa mai ƙarfi kan yi gudun kilomita 150 a sa'a, ta isa gaban mai bugu cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Matashin da ke son ya ci abinci da wannan sana'a jarinsa guda ne, wato hannunsa, kuma ƙarewa yake yi. Ga yadda ake bin hanyar.

Mataki na farko: tattala hannu tun kana yaro

Yaro mai ƙarfin jifa shi koci ke so ya sa a kowane wasa, kuma a nan ɓarnar take farawa. Shi ya sa gasar yara ta Little League ta kafa iyaka: ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, ɗan 13 zuwa 16 kuma 95, sannan a ba shi kwanakin hutu gwargwadon abin da ya jefa. Shirin Pitch Smart, wanda MLB da hukumar besbol ta Amurka suka fito da shi a 2014, ya ba da shawarar matashi ya huta wata huɗu a shekara ba ya jifa a gasa.

Dalili kuwa wata 'yar jijiya ce da ke riƙe gwiwar hannu ta ɓangaren ciki. Duk jifa mai ƙarfi sai ta ja ta, kamar igiyar guga da ke gogar bakin rijiya, sannu a hankali har ta tsinke. A 1974 likita Frank Jobe ya ciro jijiya daga ɗaya hannun ɗan wasa Tommy John ya maye masa wadda ta tsinke, kuma har gobe da sunan ɗan wasan ake kiran tiyatar. Tana aiki, amma jinyarta shekara guda ce zuwa shekara da rabi. Idan gwiwar hannu ta fara zogi, faɗa. Ɓoye ciwo don tsoron a ba wani gurbinka shi ne gudun gara a faɗa wa zago.

Mataki na biyu: koyi jifa iri uku

Ta farko ita ce mai gudu. Ka ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya a gicciye kan ɗinkin ƙwallon, babban yatsa na tallafe da ita ta ƙasa, ka riƙe ta sako-sako kamar ƙwai, da 'yar tazara tsakaninta da tafin hannu. Ƙarfin daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu isarwa kawai yake yi.

Ta biyu mai lanƙwasa ce, wadda ke karkacewa ko ta nutse dab da mai bugu. Ita yara ke ɗokin koya saboda tana ba mutum kunya a gaban jama'a. Ni dai da za a ji tawa, da an fara da ta uku, 'yar yaudara da suke kira changeup. Ana tura ƙwallon can cikin tafi, a riƙe da yatsu uku, a wurga hannu da irin saurin da aka saba, sai ta iso a makare. Mai bugu ya riga ya kai gora, ya bugi iska. Ba ta da ban sha'awa a idon 'yan kallo, amma sau da yawa ita ke raba wanda zai daɗe yana buɗe wasa, wato mai jifan farko na ƙungiyarsa, da wanda za a mayar benci.

Duk da haka kada a ruɗe ka: masu farautar 'yan wasa gudu suke fara aunawa. Za ka gan su zaune a bayan raga, hular rana a ka, da ka ɗaga ƙafa sai su ɗaga na'urar auna gudu a tare, su duba lamba, su rubuta. Gudu ne ke sa su zo. Iya saka ƙwallo inda kake so ne ke sa su dawo.

Mataki na uku: san ƙofar da za ka shiga

Ƙofofin biyu ne. 'Yan Amurka da Kanada da Puerto Rico ta zaɓen sababbin 'yan wasa suke shiga, wanda ake yi a watan Yuli, zagaye 20. Ana iya ɗaukar yaro da ya gama sakandare. Idan ya zaɓi jami'a mai shekara huɗu, to sai ya yi uku, ko ya cika 21, kafin ya sake shiga layi. Paul Skenes ta jami'ar jihar Louisiana ya bi. Ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi na farko a 2023, ta ba shi dala miliyan 9.2 na sa hannu, kafin shekara ta zagayo yana jifa a babbar gasa. Irinsa ɗaiɗai ne, kada ka auna kanka da shi.

Sauran 'yan duniya kuwa kai tsaye suke sa hannu da ƙungiya tun suna shekara 16, kuma a ranar 15 ga Janairu ake buɗe kasuwar. Jamhuriyar Dominika ce cibiyar wannan harka, kowace ƙungiya tana da makarantar horo a can. Akwai dillalai masu rainon yara, su ciyar da su, su horar da su, ranar sa hannu su yanki kasonsu, wani lokaci kaso mai tsoka. Kada uba ya yarda da komai sai a rubuce. Ta wannan ƙofa 'yan Afirka ke shiga: ƙungiyar Dodgers ta ɗauki matasa daga Uganda a 2022, amma Tayler Scott na Afirka ta Kudu, wanda shi ta sakandaren Amurka ya bi, ya yi jifarsa ta farko a MLB a 2019.

In daga sakandare kake sa hannu, ka nemi a saka maka kuɗin karatun jami'a a kwantiragi. Tsari ne da ake da shi, kuma ka fi buƙatarsa fiye da yadda kake zato.

Mataki na huɗu: hau tsanin ƙananan gasa

Daga sansanin 'yan farko a Arizona, Florida ko Dominika, sai Single-A, High-A, Double-A, sannan Triple-A. Rayuwa ce ta doguwar tafiya a bas da kwana a ƙananan garuruwa. Da can albashin abin tausayi ne. Sai a 2023, bayan 'yan wasan sun shiga ƙungiyar ƙwadago, mafi ƙarancin albashin Triple-A ya tashi daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara.

Double-A ne matankaɗi. A ƙasa da shi, mai gudun jifa na iya rufe ido ya wurga, a bi ta da gora ko ba ta kan hanya. A nan kuwa masu bugu sun iya haƙuri, sai su ƙyale marar kyau ta wuce su jira kuskurenka. Wanda bai koyi jifa ta ukun nan ba, wato 'yar yaudara, a nan asirinsa ke tonuwa.

Mataki na biyar: karɓi aikin da ya dace da hannunka

Kowa so yake ya zama cikin masu jifa biyar ɗin da ke karɓa-karɓar buɗe wa ƙungiya wasa, don can kuɗin yake. Amma idan koci ya ce ka koma cikin masu shigowa daga baya, kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Mariano Rivera, ɗan masunci daga Panama, an yi masa aiki a gwiwar hannu a 1992, ya gwada buɗe wasa a ƙungiyar Yankees a 1995 abin bai yi armashi ba. Aka mayar da shi mai rufe wasa, ya dogara kusan kacokan da jifa iri ɗaya mai yankewa gefe, ya kare wa ƙungiyarsa nasara a ƙarshen wasa sau 652. A 2019 ya zama na farko da duk masu zaɓe suka amince ya shiga zauren gwarzayen wasan.

Mataki na shida: iya lissafin kwanaki

Kowace ƙungiya tana da jerin mutum 40, daga ciki 26 ke buga babbar gasa. Idan ka sa hannu kana 18 ko ƙasa, ƙungiya tana da kaka biyar ta saka ka a jerin 40, in ka girmi haka huɗu. In ba ta yi ba, wata na iya ɗauke ka a watan Disamba. Bayan ka shiga, a ƙa'ida tana da shekara uku da za ta riƙa hawa da kai babbar gasa tana saukar da kai ƙanana yadda ta ga dama, don haka kada ka yi saurin kama gida.

Kwana 172 a babbar gasa shi ne shekara guda ta aiki. Mafi ƙarancin albashi a 2024 dala 740,000 ne. Galibi sai ka tara shekara uku kafin ka sami bakin jayayya kan albashi a gaban masu sulhu, shida kafin ka zaɓi ƙungiyar da kake so. Hannun nan da aka fara ƙirga wa jifa tun yana 11 shi ake so ya kai wannan ranar lafiya.

Ko zaɓen farko ba shi da tabbas. Brien Taylor, na farko a 1991, ya ji rauni a kafaɗa wajen wani faɗa a 1993, bai taɓa taka babbar gasa ba. Mark Appel, na farko a 2013, ya sha fama da ciwo har ya ajiye wasan a 2018, da digirinsa na jami'ar Stanford a hannu. Ya dawo a 2021, kuma a watan Yunin 2022 Philadelphia Phillies ta kira shi. Ya hau tudun yana ɗan shekara 30.