Alam ɗin hayaki da na iskar janareta: yadda za ka saka su a gida ka kuma kula da su

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana cina, tun lokacin da ƙanwata ta zo wankan jego gidanmu a Tudun Wada, cikin sanyin Janairu ne, irin sanyin nan na Kaduna da ruwan randa ma ba ya taɓuwa. Hajiya ta tausaya mata ta sa aka shigar mata da kaskon gawayi ɗaki, aka rufe taga aka cusa tsumma a ƙasan ƙofa don kar iska ta daki jariri. Wajen ƙarfe uku na dare ta tashi za ta ba shi nono, kanta kamar zai tsage, tana miƙewa jiri ya kwashe ta ta faɗa kan kwanuka, ƙarar kwanukan nan ce ta tashe mu. Mu duk mun ɗauka zazzaɓin sauro ne. Sai da muka je asibiti likita ya tambaya "kun kunna wani abu a ɗakin?" sannan jikina ya yi sanyi. Allah ya kiyaye ita da yaron, amma ban ƙara kwana da nutsuwa ba sai da na saka alam.

Toh ga abin da ya kamata ka fara sani. Alam ɗin iri biyu ne kuma ɗaya baya aikin ɗaya. Akwai na hayaki, shi gobara yake ji tun tana ƙarama, misali an kawo wuta da ƙarfi cikin dare waya ta kama, ko an manta hita a bokiti. Akwai kuma na iskar kabon monoksaid, za ka ga an rubuta CO a jikinsa. Ita wannan iskar bata da wari bata da kala bata da ɗanɗano, tana fita daga janareta da gawayi da risho da itace, har murhun gas idan baya ci da kyau, kuma in ta shiga jiki tana manne wa jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, shi yasa mai barci baya farkawa, barcin ne kawai yake ƙara nauyi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, duk irin na maleriya. Abin da za ka lura da shi shine mutanen gida da yawa su kamu lokaci ɗaya, kuma da an fita waje a ji sauƙi.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai, alam ɗin CO baya jin gas ɗin girki in yana zuba daga silinda. Wancan na'urarsa daban ce kuma ƙasa-ƙasa ake saka ta don gas ɗin ya fi iska nauyi.

Wajen siye, ka tambaya a shagunan da ke saida kayan kashe gobara ko manyan shagunan kayan wuta, ko ka yi oda ta intanet. Ka ɗauki mai batir, don mu nan an san halin wutar NEPA, kuma lokacin da babu wuta ai shine lokacin da ake tada janareta da kunna kyandir. Ka juya bayansa ka duba abu biyu: ranar da aka ƙera shi, da lambar inganci. Na hayaki EN 14604 ko UL 217, na CO kuma EN 50291 ko UL 2034. In babu ko ɗaya ka ajiye musu kayansu komai arharsa. Akwai mai haɗe da aikin biyu a jiki ɗaya, shima ba laifi.

Sai inda za a saka. Na hayaki a silin ake maƙala shi tunda hayaki sama yake yi, ɗaya a kowane ɗakin kwana ɗaya a korido ko falo, in bene ne kowane hawa da nasa. Kar ka manna shi a lungu, kuma ka matsar da shi kamar mita ɗaya daga fukafukin fanka don fankar na kore hayakin. Daga murhu ya kai mita 3, in ba haka ba duk ranar da aka soya manja sai ya tada unguwa, daga nan a gaji a cire batir. Na CO shi kuma kusa da inda ake kwana, yadda in ya yi kuka mai barci zai ji ko da ƙofa a rufe, a bango daidai tsayin kai ya isa, kar labule ko wadrob ya tare shi. In kuɗinka na guda ɗaya ne kuma kana da janareta, ni dai a ganina na CO za ka fara siya.

Yanzu bari in yi magana da matan gida, don na san inda rigimar take: turaren wuta. Anti dan Allah in kin saka kasko alam ya yi ihu, aikinsa yake yi, ba lalacewa ya yi ba. Yawancinsu suna da maɓallin da za ki danna ya yi shiru na ƴan mintuna, ki danna ki buɗe taga, ko ki turara kayan nesa da shi. Kar ki cire batir, kar ki ɗaure shi da leda. Kuma garwashin da ke cikin kaskon nan shima CO yake fitarwa, in kin gama a fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta.

Kula da shi ba wuya. Sau ɗaya a wata ka danna maɓallin da aka rubuta TEST ka riƙe har ya yi ƙara, ni ranar da albashi ya shigo nake yi don bana manta ranar, kuma ina tara yara su ji kukan su san shi. Batir a canza duk shekara ko da bai mutu ba, sai dai in irin wanda aka rufe batir ɗin shekara 10 a ciki ne. In ka ji yana ɗan yin "ƙit" sau ɗaya duk bayan kamar minti guda, batir ne ya yi sanyi, a ranar za ka canza, kuma a ja wa yara kunne kar a zare shi a saka a rimot ko tocila. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ƴan ramukan jikinsa, ga yanar gizo ga ƙananan ƙwari, don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu nakan sauke shi duk wata in share da busasshen burushi mai laushi. Banda ruwa, banda fesa masa maganin sauro, in za a yi fenti a sauke shi tukuna. Na hayaki in ya shekara 10 daga ranar ƙera shi ya gama aiki ko da yana amsa gwaji, na CO da yawa shekara 5 zuwa 7 ne wasu 10, yana rubuce a bayansa.

In ya yi kuka da dare fa? A yawancinsu ƙara uku-uku hayaki ne, huɗu-huɗu CO ne, amma ka duba takardar naka. Ko wanne ne kowa ya fita waje tukuna, a ƙirga yara, kar a tsaya neman waya ko mayafi. In gobara ce a sunkuya ƙasa da hayakin a fita a kira 112 ko ƴan kwana-kwana. In CO ne a bar ƙofofi a buɗe, a kashe janaretan in za a iya kaiwa gare shi daga waje, duk wanda ke jin ciwon kai ko jiri a wuce da shi asibiti a faɗa wa likita abin da ya shaƙa, musamman mai ciki da jarirai da tsofaffi, kar a ba shi Panadol a ce ya koma ya kwanta.

Shi kuma janareta, na san dalilin da yasa muke shigar da shi korido ko kicin ko ƙarƙashin bene, tsoron ɓarayi ne da ruwan damina. Amma ƙa'idarsa ya yi nisan kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon wani wajen, kuma a gidan haya ka duba tagar maƙwabcinka ma. Namu na sa mai walda ya yi masa keji na ƙarfe a can ƙarshen tsakar gida, da rufin kwano a sama gefe duk a buɗe, na saka sarƙa da kwaɗo biyu.