WordPress ko Django: yadda za ka zaɓi abin da za ka gina shafinka da shi

Kafin ka sayi hostin, wato wurin ajiye shafinka a intanet, ko ka kira mai rubuta manhaja, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da shafin zai yi a wata shida na farko. Daga wannan takardar amsa za ta fito, ba daga wanda ya fi suna ba.

Tsarin sarrafa shafi, wato CMS, manhaja ce da aka gama haɗawa: ka ɗora ta a saba (kwamfutar da shafin yake zaune a kanta), ka shiga, ka fara wallafa rubutu da hotuna. WordPress, wanda ya fito a 2003, shi ne babba a cikinsu, sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Akwai Drupal da Joomla. Firemwok kuwa, irin Django na Python ko Laravel na PHP, kayan gini ne kawai. Na farko gida ne ginanne da za ka shiga ka yi fenti, na biyu fili ne da bulo da siminti.

Duba takardar. Idan kalmomin da suka cika ta su ne wallafa, gyara labari, sa hoto, karɓar saƙo, sayar da kaya ɗari ko ɗari biyu, to CMS kake buƙata, kuma kada kowa ya ruɗe ka. Jarida, shafin makaranta, ƙungiya, ƙaramin shago, duk WordPress ya ishe su. WooCommerce, filogin (wato ƙarin manhaja) da ke mayar da WordPress shago, yana da nasa filogin na kamfanonin karɓar kuɗi Paystack da Flutterwave, ka karɓi kuɗi ba tare da ka rubuta layi ɗaya na kod ba. Gina irin wannan shafi daga tushe da Laravel ɓarnar kuɗi ce, don za ka biya a sake ƙera maka wurin rubutu da ma'ajiyar hotuna waɗanda suke nan kyauta.

Inda magana take canzawa shi ne idan takardar ta cika da "idan kaza ya faru, a yi kaza". Ɗauki makaranta mai son lissafa sakamakon ɗalibai: kowane ɗalibi yana da aji, kowane aji yana da darussa, kowane darasi yana da malami da maki na gwaji da na jarrabawa, kuma wanda bai biya kuɗin zango ba ba zai ga sakamakonsa ba. Waɗannan bayanai ne masu alaƙa da juna. WordPress yana zuba irin wannan ƙarin bayani a tebur guda mai suna wp_postmeta, kowane abu a layinsa, suna da ƙima. Ɗalibi 2,000 masu darasi 10 a zango 3, sakamako 60,000 ke nan a shekara, kuma kowane bincike sai ya haɗa teburin da kansa sau da yawa. Shi ya sa irin waɗannan shafuka suke tafiya lafiya a watan farko, su fara ja da ƙyar a shekara ta biyu. A Django kai ne za ka tsara teburin ɗalibi, na darasi, na maki, ka haɗa su yadda ya dace, kuma Django yana zuwa da shafin gudanarwa da ma'aikatan ofis za su iya shigar da bayanai ta ciki.

Akwai alama mai sauƙi. Idan ka ga sai ka jera filogin biyar ko shida don aiki guda, kowanne yana jingine da ɗan'uwansa, ka wuce iyakar CMS. Ranar da ɗaya ya sabunta, sauran suka ƙi jituwa da shi, farin allo za ka tarar. Yawancin ramukan da masu kutse suke bi a WordPress ma daga filogin da rigunan shafi (themes, masu ba shafi kamanninsa) suke, musamman na sata da ake rabawa kyauta, waɗanda sau da yawa an riga an dasa musu ƙofar baya.

Sai batun wanda zai riƙe shafin, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. WordPress yana zama a hostin na haɗaka mai allon sarrafawa na cPanel, ana ɗora shi cikin mintuna, kuma in wanda ya gina ya tafi, samun wani ba wuya. Django yawanci yana son VPS, wato sabar da kai za ka kula da ita, da mai iya saita Nginx da Gunicorn, manhajojin da ke tafiyar da shafin, da sabunta tsaro, da ajiyar kwafin rumbun bayanai. Idan ba ka da kuɗin biyan mai kula duk wata, kada ka shiga. In kuma ka shiga, ka sa a yarjejeniya cewa kod ɗin zai zauna a ma'ajiyar kod ta Git da sunanka, kuma a yi amfani da sigar Django mai dogon tallafi, wadda ake kula da ita kimanin shekara 3. CMS ma yana tsufa: tallafin Drupal 7 ya ƙare a Janairun 2025, kuma ƙaura daga shi kusan sabon gini ne.

Wani lokaci buƙatar biyu ce. Sai ka bar labarai a WordPress, ka gina manhajar sakamako a wani ƙaramin adireshi na shafin. Ko ka ɗauki Wagtail, CMS ne da aka gina a kan Django.

Ko wanne ka zaɓa, idan da Hausa za a rubuta, ka saita rumbun bayanai a tsarin haruffa na UTF-8 (utf8mb4 idan rumbun MySQL ne) tun ranar farko, sannan ka gwada rubuta ƙ da ɗ da ɓ a kanun labari da cikin akwatin bincike. Idan suka koma alamar tambaya, yawanci matsalar daga rumbun take. Idan suka fito da wata siffa dabam da sauran haruffa, salon rubutun da rigar shafin take amfani da shi ne ba shi da su, sai a canza shi zuwa irin Noto Sans.