Yadda ake adana ma'ajiyar ƙasusuwan kakanni ta Folinesiya a gidan tarihi

Mu ɗauki A'a misali, mutum-mutumin itacen sandal ne daga tsibirin Rurutu na yankin Folinesiya a tekun Fasifik, tsayinsa santimita 117, cikinsa a rarake da murfi ta baya, masana na ganin ƙoƙon kai da dogayen ƙasusuwan wani kaka ake sakawa ciki. A 1821 mutanen tsibirin suka miƙa shi ga 'yan mishan, 1911 British Museum na Landan ya saye shi.

Matakin farko kar ka taɓa komai tukuna. Ɗauki hoto ta ko'ina, rubuta duk tsagewa da ɗan ramin ƙwaro da ka gani. Sannan a tuntuɓi jikokin masu abin, don a wajensu ba katako bane kawai, yana da tapu, wato akwai abinda aka haramta a yi masa.

In za ka ɗaga, sa safar hannu ta roba, ku biyu, ku tallafo ta ƙasa. Shi A'a yana da ƙananan siffofi 30 a jikinsa, ka riƙe ɗaya ya ɓalle shikenan.

Shara kuma nan ne ake ɓarna wallahi. Buroshi mai laushi kawai, kana kaɗe ƙurar zuwa bakin injin zuƙa da aka rufe da raga, ba ruwa ba mai ba folish, man nan da ake ganin gyara ne shiga itacen yake ya baƙanta shi kuma baya fita. Cikin ramin ma dai ƙyale shi. A 2015 masu bincike sun tsinci jan gashin wani ɗan aku da gashin mutum maƙale a cikin A'a, da wani mai son tsafta ya riga su ai da tuni suna bola.

In ka ga garin katako na zuba a ƙasa, ƙwaro na ciki. Kar ka fesa fiya-fiya, a rufe shi a jaka ta musamman da iskar naitirojin makonni kaɗan, ƙwarin su mutu.

Sai akwatin gilashi, danshi wajen kashi 50, abinda itace ya tsana shine yau laima gobe bushewa, nan take yake tsagewa. Haske kaɗan, lux 50 (ma'aunin ƙarfin haske) in akwai gashin tsuntsu ko zare. Ko da aka kai A'a aro tsibirin Tahiti a 2023 irin wannan kulawar dole ta bi shi har can.