Yadda za ki rubuta soyayyar mutum da aljani ba tare da labarin ya mace miki a hannu ba

Yawancin labaran soyayyar mutum da aljani da ƙannena marubuta ke turo mini in duba, wuri ɗaya suke tuntuɓe. Babi 10 na farko duk kyau ne da ƙamshi: gashi har gadon baya, gidan zinare a ƙarƙashin teku, mota ta bayyana a ƙofar gida ba a san wanda ya kawo ta ba. Daga nan sai labari ya rasa inda zai sa gaba. Ko dai a kira mai ruƙiyya ya ƙone aljanin, ko a ɗaura aure a rufe littafi. Alhali abin da ke riƙe irin wannan labari shi ne lokaci: ɗaya zai tsufa ya mutu, ɗayan yana tsaye yana kallo.

Fara da gyara aƙida, don masu karatunmu ba sa yafe wannan. Kada ki rubuta cewa aljaninki ba zai taɓa mutuwa ba. A cikin Sahihul Bukhari akwai addu'ar da Annabi (SAW) ke cewa Allah ne Rayayyen da ba ya mutuwa, aljanu da mutane kuwa suna mutuwa. Ki ba shi tsawon rai kawai, ya wadatar. Ki yanke masa shekaru, a ce 600, ki ɗauki takarda ki jera abin da idonsa ya gani. In a Kano yake, ya ga mulkin Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499, ya yi ciniki da kuɗin wuri a kasuwar Kurmi, yana nan Turawa suka ci garin a 1903, ya ga dalar gyaɗa ta tashi ta faɗi, ya ga naira ta kori fam da sule a 1973.

Takardar nan taki ce, ba ta mai karatu ba. Kada ki juye masa ita kamar darasin tarihi. Bari ta riƙa suɓucewa a ɗabi'arsa. Ta faɗa masa kuɗin atamfa, ya yi shiru yana mayar da lissafin zuwa zambar nawa na wuri. Suna tafe a lungu, ya kauce ya zagaye wani fili da babu komai a cikinsa, domin rijiya ce a da, an cike ta tun kafin a haifi kakarta. Sannan ki amsa wa kanki tambayar da kowa ke gudu: mata nawa ya binne kafin ita? In kin ce shekara 600 bai taɓa son kowa ba sai da ya ga jarumarki tana ɗibar ruwa, kin yi wa labarin asara. Kishi da matacciyar da ta rasu shekara 200 da suka wuce ya fi kishi da kishiyar ɗaki ɗaya ciwo, don ba ki da wadda za ki yi wa habaici.

Sai maganar sha'awa. Aya ta 27 a Suratul A'araf ta ce Iblis da ƙabilarsa ta aljanu suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. Ke nan yana iya yiwuwa ya shekara yana kallonta ba ta sani ba, kuma dole ki tsai da shawara: wannan so ne ko abin tsoro? Ni ba na yarda a yi wa tilas kwalliya. Akwai matan da ake kai wa ruƙiyya kan abin da ake kira namijin dare, wahala suke sha, ba soyayya ba. In kina son mai karatu ya so aljaninki, ki sa shi ya koyi sallama. Wanda bango ba ya tare shi amma ya tsaya a bakin ƙofa har sai an ce ya shigo, wannan tsayuwar ta fi shafi 5 na bayanin ƙirjinsa tayar da tsikar jiki.

Me yake so a wurinta? Ba kyau ba, ya ga kyawawa har ya gaji. Abin da ke ƙarewa shi ke jan sa: yadda barci ke kwashe ta tana tsakiyar magana, yunwarta da la'asar ranar azumi, gaggawar da take yi da komai saboda ta san ba ta da lokaci. Ita kuma fa? Jarumar da na fi so a irin wannan labari bazawara ce, ko uwar da ta binne ɗanta. Mace da mutuwa ta taɓa yi wa fashi, in ta sami wanda ba zai riga ta tafiya ba, abin da take ji ba so ne zalla ba, har da neman mafaka. Ki bar ta ta gano hakan da kanta a tsakiyar littafi, ta ji kunyar abin.

Batun aure kuwa malamai sun yi saɓani, masu hanawa suna kafa hujja da aya ta 72 a Suratun Nahli, cewa daga jinsinku aka sanya muku matan aure. Ba aikinki ba ne ki ba da fatawa. Ki samo kawu mai taurin kai ya tambaya wa zai karɓa masa auren, su wa za su shaida, dangin ango a wace unguwa suke. Babi guda na dariya ke nan, kuma za ki buƙace shi kafin abin da ke tafe.

Tsufa shi ne inda za ki daɗe. Tana da shekara 25, mutane suna cewa mijinta. Tana da 50, suna cewa ɗanta. Ki kai su layin asibiti tana da 75, ƙafa ta kumbura, yana riƙe da ledar magungunanta, ma'aikaciyar jinya ta ɗago kai ta ce, "Kai samari, riƙe kakar taka da kyau mana." Kada kowa ya yi kuka a wurin. Su koma gida shiru, ta ce a juya mata madubi ya kalli bango. Mai karatu mai wayo zai ce ai aljani yana rikiɗa, me ya hana shi tsufa tare da ita? Ki riga shi amsawa. Ya gwada, ya fito mata da furfura da sanda, ita kuma ta ce ya cire, ba ta son a yi mata ƙarya don tausayi. Girkawa suna da tatsuniyar allahiyar alfijir da ta roƙa wa masoyinta rai marar ƙarewa ta manta ba ta roƙa masa ƙuruciya ba, ya yi ta tsufa yana ƙanƙancewa ba mutuwa. Darasin marubuci a ciki: duk dabarar da za ki ba su ta kauce wa lokaci, ki sa mata farashin da ya fi ƙarfinsu.

Ranar mutuwa ki tuna mu ba ma jinkirta gawa. Ta cika da hantsi, kafin azahar an yi wanka, an sa likkafani, an sallace ta a ƙofar gida, an dawo daga maƙabarta. Ga wanda ke lissafin rayuwa da ƙarni, wannan saurin kansa azaba ne. An shimfiɗa tabarmi, ana shigowa ana cewa "Ya haƙuri?" ana amsa "Da godiya." In ba a san da shi ba, babu mai yi masa gaisuwa, ga shi kuwa ya fi kowa rashi. In kuma aljana ce ta rasa ɗan Adam, ki ba mutumin mata 'yar Adam. Ita za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ana zuwa ana ɗebe mata kewa, ranar fita ta yi wanka ta ɗaura sabon zane. Aljanar tana kan tsamiyar bayan gida tana ƙirga kwanakin tare da ita, suka ƙare, nata baƙin cikin ko farawa bai yi ba.

Wajen warkewa, don Allah kada ki dawo da mamaciyar a jikin wata yarinya mai kama da ita. Daga finafinan Indiya da Koriya muka kwaso wannan, ba aƙidarmu ba ce, kuma ha'inci ne: kin sa mai karatu kuka sannan kin ce masa wasa kike yi. Kada kuma ki shayar da shi maganin mantuwa. Ki ba shi aiki. Ya biya bashin da ta bari wurin mai kayan miya, ya haƙa rijiya da sunanta, ya riƙa kore macizai daga gonar jikokinta da ba su san da shi ba. Sauƙin ma kada ya zo a miƙe. Bayan shekara 30 ya ji yana dariya, washegari ya nemi muryarta a kansa ya rasa, ya koma kamar ranar farko.

Ki ware wa wannan ɓangare na bayan mutuwa kashi ɗaya cikin uku na littafin, tun a tsarin babi. In kina sakin labarin shafi-shafi a WhatsApp, da ta fara ciwo za su cika miki waya da roƙo, "Anti don girman Allah kar ki kashe ta," wasu har da barazanar fita daga rukunin. Shi ya sa nake cewa ki rubuta babin mutuwar ki adana tun kafin ki saki shafin farko, don in kika bari sai roƙon ya fara zuwa, hannunki zai yi sanyi ki nemo mata magani a ƙasan teku.