Kurakuran da aka fi yi wajen juya bayanan binari a burauza

Masu haɗa manhajar rasit domin 'yan kasuwar Kejetia ko shagunan Aboabo a Kumasi, galibi a `btoa` suke fara tuntuɓe, wato umarnin JavaScript da ke mai da bayanai zuwa Base64 (hanyar rubuta bayit da haruffa zalla). Ka miƙa mata "Kuɗi ₵50", sai ta jefo InvalidCharacterError, domin ba ta karɓar harafin da lambarsa ta haura 255. Shi ɗ lambarsa 599, alamar sidi kuwa 8373. Gyaran: fara bi da rubutun ta `TextEncoder` ya koma bayit na UTF-8 (tsarin ajiye haruffa a bayit), inda ɗ ke cin bayit 2, ₵ ke cin 3. Sannan ka mai da kowane bayit harafi da `String.fromCharCode`, sai ka ba `btoa`. Wajen dawowa ma haka: `atob` (mai warware aikin `btoa`), ka zuba cikin `Uint8Array`, ka rufe da `TextDecoder`. In ka tsallake matakin ƙarshen nan, kwastoma zai ga É a gurbin ɗ a rasit ɗinsa.

Sai masu tura fayil ɗungurungum cikin `String.fromCharCode.apply`. Da ƙaramin hoton gwaji lafiya lau, amma ranar da aka ɗora hoton kyamarar waya sai RangeError. A yanka shi kashi-kashi, bayit 32,768 kowanne. Ko kuma a bar wa `readAsDataURL` aikin, mai karanta fayil ta fito da shi a Base64, a tuna dai a cire waƙafin da duk abin da ya zo kafinsa in za a kai wa `atob`.

Wanda ya fi muni shi ne wanda ba ya ƙara: karanta hoto ko PDF da `response.text`. Burauza za ta ɗauka rubutu ne, duk bayit ɗin da bai dace da UTF-8 ba ta maye shi da alamar �, kuma abin da ya tafi ya tafi kenan. `response.arrayBuffer` ne na wannan aikin. `JSON.stringify` ma shiru take yi, ta mai da `ArrayBuffer` ɗinka, wato ma'ajiyar bayit ɗin, `{}` kawai.

A kula da `subarray`: ba kwafi take yi ba, leƙe ne cikin ma'ajiyar asali. Ka tura `.buffer` ɗinta, duk fayil ɗin ka tura. In yankin kaɗai kake so, `slice`.

Jerin bayit kuma yana rikita har ƙwararru. Bayit 01 da 00, `Uint16Array` a kusan kowace waya da kwamfuta za ta ce 1, `getUint16` na `DataView` ya ce 256, sai an ƙara masa `true`. Duba ƙa'idar fayil ɗin tukuna, ban da cinta.

Tokin na JWT, wato shaidar shiga da sabar ke bayarwa, Base64 ɗinsa da `-` da `_` yake zuwa, a mai da su `+` da `/` kafin `atob`.

Sau da yawa ma Base64 ɗin ba dole ba ne. Kowane bayit 3 yana zama haruffa 4, wato hoton 3MB ya koma 4MB, kuma datar mai shago ce ke ƙonewa. In sabar tana karɓa, tura `Blob`, wato fayil ɗin yadda yake, kai tsaye ta `fetch` ko cikin `FormData`.