Yadda Ake Fitar da Tururin Fetur Daga Ɗakin Injin Jirgin Ruwa

Tururin fetur ya fi iska nauyi, ninki uku zuwa huɗu. A mota abin da sauƙi, don ƙasan injin a buɗe yake, tururin ya sauka kan titi iska ta kwashe. Jirgin ruwa kuwa kamar ƙwarya yake, duk abin da ya sauka a gindi zai kwanta. Da zarar tururin ya kai wajen kashi 1.4 cikin ɗari na iskar ɗakin, tartsatsi ɗaya daga sitata ko wayar batir ya isa ya tarwatsa jirgin. Wannan bayani ya shafi jirgin da injinsa ko tankinsa ke cikin rufaffen wuri.

Fara da bututun iska. Ana bukatar aƙalla biyu, na shigar da iska da na fitarwa, kowanne da bakinsa a waje. Na fitarwar shi ne abin lura: dole bakinsa na ciki ya sauka cikin kashi ɗaya bisa uku na ƙasan ɗakin, amma sama da inda ruwan gindin jirgi ya saba taruwa. In ya tsaya a sama, iska mai kyau zai riƙa kwasa ya bar tururin kwance. In ya nutse a ruwa, ya toshe ke nan. Bi shi da hannu tun daga baki har ƙarshe. Tiyon nan yakan yage, ko ya zame daga mazauninsa, ko a danne shi da akwatin kayan aiki, wani lokaci ma ruwa ya taru a inda ya lanƙwashe. A waje kuma, kada bakin fitarwa ya kusanci na shigarwa ko wurin zuba mai, in ba haka ba abin da aka kora zai dawo ciki.

Sai fanka. Dokar Amurka ta wajabta fankar lantarki a kan duk jirgin da aka ƙera bayan 31 ga Yuli, 1980, muddin yana da kafaffen injin fetur mai sitata a rufaffen ɗaki, kuma ko ina kake wannan ma'auni ne mai kyau. Aikinta zuƙo iska daga ƙasa ta watsar waje, ba hurawa ciki ba. Dole ta kasance irin wadda aka rufe injinta yadda ba ta fitar da tartsatsi. Fankar mota ko ta gida ba ta da wurin zama a nan, don ita kanta za ta iya tayar da gobarar. Kunna ta, ka sa tafin hannu a bakin fitarwa. Jin ƙararta kaɗai ba hujja ba ne, sai ka ji iska na bugun hannunka.

Lokacin shan mai ne haɗarin ya fi yawa. Ɗaure jirgi, kashe inji da duk kayan lantarki, har da fankar, a sauke fasinjoji, a kashe taba. Rufe ƙofofi da tagogi don kada tururi ya gangara ciki. Bakin famfon mai ya riƙa taɓa bakin tanki don hana tartsatsin da gogayya ke haifarwa. Tankin da ake iya ɗauka a fitar da shi a cika a tudu. Kada a cika tanki maƙil, fetur na kumbura in ya ji zafi. Abin da ya zube a goge, tsumman kuma kada ya kwana a jirgi.

Bayan an gama, buɗe ko'ina, kunna fanka ta yi aƙalla minti 4 kafin ka taɓa makulli. Haka za ka yi duk lokacin tayar da inji, ko ba a sha mai ba. Mutane na ganin minti 4 da tsawo idan fasinja na jira, sai su yi rabin minti su ce ya isa. Duba agogo.

Daga nan ɗaga murfin ɗakin inji, ka sunkuya ka shinshina can ƙasa. Akwai na'urorin gano tururi, suna da amfani, amma a ganina taimako suke wa hanci, ba su maye gurbinsa. In ka ji warin fetur, kada ka tayar. Fanka tururi take fitarwa, ba ta tsotse man da ya zuba, don haka nemo inda yake yoyo: tiyon mai, mahaɗai, famfon mai na inji, kafireta ko jikin tanki. Gyara, tsane wurin, sake kunna fanka, sake shinshinawa.

In an kama hanya a hankali, ko inji na aiki jirgi na tsaye, bar fankar a kunne. Bututun da ba su da fanka sai jirgi na gudu suke samun iskar da za ta ratsa su, don haka sai gudu ya kankama za ka kashe ta.