Kitso da Kwarkwata: Kurakuran Masu Tayar da Tsohuwar Akori-kura

Tun da na fito da akori-kurar mahaifinmu daga ƙarƙashin dalbejiya, inda ta shekara 9 tana kwance, ƙofar gidana a Tudun Wada ba ta rabuwa da masu neman shawara. Ba na ƙin hakan, motar nan ina son ta, ina kuma son duk mai son irinta. Abin da ya ishe ni shi ne tambayar farko ba ta canzawa: "Malam, wane launi ka ga zai fi kyau?" Mota na zaune a kan bulo, ba taya, tankinta ya zama gidan zanzaro, amma mai ita launi ne damuwarsa.

Tawa Peugeot 504 ce, Fijo haɗin Kakuri. Kamfanin ya fara haɗa motoci a nan Kaduna a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 shekaru da yawa bayan Faransa ta daina yin ta. Shi ya sa har gobe za ka sami dattijon makaniken da ya san kowane notinta, kayanta kuma ba su ɓace daga kasuwannin Ori Apata da Panteka ba. Wanda ke Kaduna ba shi da uzurin lalata wannan mota. Duk da haka ana lalata ta, ni ma na yi, har sau 2, kuma kowanne ya ci mini kuɗi da watanni.

Na farko shi ne fenti. Ina jawo motar gida na ƙagu mutane su ga an fara aiki, sai na kira wani mai gyaran bodi. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ce mako 2 ya ishe shi. Na ga ramukan tsatsa a ƙasan ƙofofi da kusurwar gilashin gaba, na nuna masa, ya ce, "Oga, wannan ai aikin fila ne." Fila ita ce ƙullun da ake shafa wa jikin mota a daidaita shi kafin fenti. Na yarda. Ya cusa abin da zai cusa, ya shafe, ya goge, ya fesa fari tas. Ranar da aka gama, maƙwabta suka yi ta sa albarka.

Wannan a watan Maris ne. Kafin ruwan Agusta ya ɗauke, fentin ya fara kumbura kamar ƙuraje. Na danna ɗaya da yatsa, jan ruwa ya tsiyayo. Na sa sukundireba na ɓanɓare, sai ga fila mai kaurin yatsa, a bayanta ragar sauro da takardar buhun siminti, a bayan su kuma babu ƙarfe, iska ce. Na ɗaga ledar ƙasan mazaunin direba na ga ƙasar tsakar gidana ta cikin rami. A nan nake zaunar da yarana! Kitso aka yi mini da kwarkwata, kuma da yardata aka yi shi.

Ka ji ni da kyau. Fila tana shan ruwa. An yi ta ne don cike ɗan lotsawar da guduma ta bari a kan lafiyayyen ƙarfe, a shafa ta siririya. Ba ta toshe rami, ba ta kashe tsatsa, ɓoye ta kawai take yi har ta gama cin abin da ya rage. Tsatsar da ta huda ƙarfe maganinta ɗaya: a yanke wurin har sai an kai ga ƙarfe mai ƙyalli, a yanko sabon falle mai kauri iri ɗaya, a yi walda, a shafa maganin tsatsa ciki da waje. Mutanen Panteka za su lanƙwasa maka falle daidai siffar da kake so idan ka kai musu tsohon ko ka yanka kwali a kan girman wurin. Ni yanzu ba na zuwa duba mota sai da ɗan maganaɗisu a aljihu. Ina bin jikinta da shi, duk inda ya ƙi kamawa na san fila ce a jibge. Sannan in kwanta a ƙasa da tocila da ƙaramar guduma, in bi shasi tun daga gaba har baya, musamman inda sifirin na baya ke rataye da inda akwatin kaya ya zauna. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, garin tsatsa na zubo maka a fuska. Akori-kurar da ta yi shekaru tana ɗaukar taki ko gishiri, daɓen bayanta ne ke fara tafiya. Idan shasin kansa ya ruɓe ko ya karkace, ka bar motar ko kyauta aka ba ka.

Fenti shi ne aikin ƙarshe, bayan walda da inji da birki da wayoyi, domin duk wanda zai taɓa motar bayan fenti sai ya bar mata tabo. Kada kuma a fesa maka a fili lokacin hunturu, ƙurar Disamba da Janairu tana zama a kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar sanfefa. Ni a rumfa na sa aka yi na biyun, muka kewaye ta da leda, muka yayyafa wa ƙasa ruwa, da sassafe kafin iska ta tashi.

Da za a yi walda, a sauke tankin mai a kai shi nesa, a cire kan batir. Tankin da ba mai a ciki ya fi mai mai haɗari, tururin ne ke fashewa.

Kuskure na biyu ya fi ƙona mini rai, domin da hannuna na yi shi, cikin minti ɗaya. Gasket, wato abin toshin da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, na ce wannan ba sai na kira kowa ba. Na kwance kan inji, na ɗaga shi sama da ƙarfi, na ajiye. Na ga baƙin datti a kan fistin, ina so in goge kowanne, sai na sa sifana na juya injin don na ƙasa su hau sama. Na goge, na sa sabon gasket, na ɗaure. Inji ya tashi lafiya. Kwana 4 bayan haka, ina kan hanyar Zariya na wuce Kawo kaɗan, allurar zafi ta haye. Na tsaya na zaro ma'aunin baƙin mai, sai na gan shi ya koma kamar shayi da madara. Kafin a jawo motar gida, metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, sun riga sun ci wuta, karanshaf ɗin kuma ya sami zane.

Na je na ɗauko wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo. Ya leƙa, bai taɓa komai ba, ya ce, "Yaro, ka juya injin nan bayan ka cire kai?" Na ce, "Na juya, Baba." Ya girgiza kai, ya ce in kawo masa kujera.

Ga abin da ya koya mini. Injin fetur na 504, mai silinda 4 da cc 1971, ba kamar yawancin injinan Japan ba ne da ake huda silinda a jikin bulok. Nasa silif ne guda 4, kowanne zaman kansa yake, an zura shi cikin bulok ruwa na kewaye da shi. A gindin kowane silif akwai siririn abin toshi da ke raba ruwa da baƙin mai, kuma babu abin da ke danne silif ɗin sai kan injin. Da ka cire kai ka juya karanshaf, fistin mai hawowa sai ya ja silif ya ɗaga shi, ko da kaurin gashi ne. Toshin ya rabu, datti ya shiga ƙarƙashinsa, ba zai sake zama daidai ba. Ruwan lagireto sai ya sami hanya zuwa cikin baƙin mai. Ɗaga kan da na yi tsaye ma laifi ne, domin tsohon gasket yana manne da bakin silif yana iya jawo shi. Ana girgiza kan ne gefe da gefe har ya saki.

Magani bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Da zarar kai ya sauka, ka ɗora manyan zobban ƙarfe na ƙarƙashin noti ko guntayen ƙarfe a bakin silif, ka ɗaure su da gajerun kusoshi a ramukan da kusoshin kai suka fito. Ni har batir nake cirewa, in ɗaura tsumma a sitiyari don kada wani yaro ya zo ya murɗa makulli. Kuma tun da an buɗe, a kai kan injin wurin masu injin sassaƙa su auna ko ya banƙare, domin na alminiyam ne, zafi yana karkata shi. Wajen ɗaurewa a fara daga tsakiya a yi waje, da sifanar awo. Na sha ganin ƙato ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana cewa hannunsa ya san awo. Hannu bai san komai ba! Bayan tafiyar kilomita 1,000 a sake bin kusoshin inji na sanyi, a sake saita tafet, wato tazarar bawul. Wani abu da ke rikita baƙin Fijo: silinda ta 1 tana can baya ta wajen giya, ba ta wajen fanka ba. Wutar tana bin 1-3-4-2, in ka ƙirga daga inda ba daidai ba za ka wuni kana zargin kafireta.

Tun da muna kan ruwa, bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Ku daina cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi. Na san kusan kowane gareji ana cewa an yi shi ne don ƙasar sanyi. Ni ban yarda ba. Injin da bai kai zafin aikinsa ba yana shan mai, yana cin ringi, da asubar hunturu kuma sai ya yi ta tari. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wa ke da man zubarwa? Idan mota na zafi, lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko bel ya saki. A gyara wannan. Ruwan rijiya ko na kwata kuma da ake ɗurawa shi ke cinye kan alminiyam daga ciki. Ni ruwan sanyaya inji na galan nake sawa, ko da ana cewa ɓarnar kuɗi ce.

Birki kuwa ba na ma son in fara. Mutum zai sayi fitilu masu walƙiya da lasifika 4, amma robobin birkin da suka shekara 20 yana cewa a lallaɓa. Motar da ta daɗe a ajiye, duk robar da ke cikinta ta mutu: ta masta, ta ƙafafu, da tiyo. A canza su gaba ɗaya, a zubar da tsohon man birki, domin yana tsotsar danshi. Wanda kuma ya zuba ruwan sabulu a birki ya hau titi, alhakin duk wanda ya kaɗe yana wuyansa.

Sauran ƙananan ba sa buƙatar dogon zance. Kada ka wargaza motar gaba ɗaya a mako guda, ka ɗauki sashe ɗaya ka gama shi. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance komai, noti da kusoshi kuma kowane sashe da gwangwaninsa da rubutu a jiki. Kada ka yar da tsohon kaya sai sabon ya zauna ya yi aiki, sau da yawa tsohon na asali da aka gyara ya fi sabon kwali, araha ba ta ado. In za ka kasuwa ka tafi da tsohon a hannu, kwatance da baki ba ya sayen kayan mota. Kada ka tayar da inji da man da ya kwana shekaru a tanki. Duk wayar da ka ƙara, ta fitila ko ta rediyo, ka sa mata fiyus, kada kuma rewaya ya naɗa maka zaren waya a madadin fiyus, haka motoci ke kamawa da wuta. Taya tana da ranar haihuwa a gefenta, lamba 4, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kyan zane ba ya hana tsohuwar taya fashewa. Masu son mayar da mota ta koma amfani da iskar gas su je wurin da aka amince da shi, tukunyar da aka yi wa walda a bakin titi ba ta shiga motata.

Masu son ƙawa, ina tare da ku, ni ma na yi wa tawa keji da rumfar tamfol da daɓen katako. Amma manyan tayoyin da suka fi ƙarfin motar suna wahalar da sitiyari da kuloci, ƙarin ganyen sifirin kuma ba ya ƙara wa birki ko shasi ƙarfi, motar dai za ta riƙa tsalle in ba kaya. Game da sa mata injin wata mota, ra'ayina a bar Fijo da injinta. Na ga waɗanda suka yi ya yi musu, na kuma ga shasin da aka yanka don inji ya zauna, daga baya ya tsage a daidai wurin.

Takardu kuma a fara da su tun kafin a sayi sifana. Ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, ka karɓi takardar ciniki da shaidu. Motar gado ce? A zauna da sauran magada a rubuta, domin motar da ba wanda ya kula da ita tana ƙarƙashin bishiya, ranar da ta fito tana sheƙi kowa zai tuna yana da kaso. Ni sai da na biya ƙannena haƙƙinsu a gaban kawunmu kafin na taɓa noti ɗaya. In ka canza launi ko inji, ka je ofishin lasisi a gyara takardun, kada ka jira sai 'yan VIO ko KASTLEA sun tsayar da kai a Mando da buhunan masara a baya.